Kafin a Kama Mai Harbi, Ka Kama Bakinka

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

'Yan'uwa, akwai wasu kwanaki da nake jiye mana tsoronsu fiye da ranar da aka yi harbin kanta. Su ne kwanakin da ke tsakanin harbi da kamu. An bindige mutane a wani babban birni, ɗan bindigar ya sulale, 'yan sanda sun baza komarsu, ba a san ko wane ne ba. A wannan tsakani ne kowa ke zama ɗan sandan ciki. Kafin a ɗauke gawa daga titi, hoto ya shigo wayarka, an zagaye kan wani bawan Allah da jan layi, a ƙasa an rubuta "shi ne wannan". Sai muryar wani ta biyo baya, minti bakwai, yana cewa wani na kusa da shi da ke can ya tabbatar masa. A teburin mai shayi an riga an gano wanda ya aiko shi da nawa aka biya shi. Wani ya ce, "Ruwa ba ya tsami banza." Wani ya ce, "Biri ya yi kama da mutum." Mai turawa kuwa hujjarsa ɗaya ce: "Ni dai yadda na gani haka na tura."

Mala'iku ba sa ajiye alƙalami don gari ya ruɗe. Allah Ya ce a Suratu Ƙaf, aya ta 18, mutum ba zai furta wata magana ba face akwai mai tsaro a tare da shi, a shirye. Abin da yatsa ya rubuta hukuncinsa ɗaya da abin da harshe ya furta.

Ku saurari abin da ya faru a Amurka a watan Oktoba na 2002. Mutanen Washington da garuruwan jihohin Maryland da Virginia da ke kewaye da ita sun yi mako uku barci ya ƙaurace musu. Wani ne yake harbi daga nesa, harsashi ɗaya, mutum ɗaya, ya ɓace. Ya kashe mai yankan ciyawa yana kan aikinsa, ya kashe direban tasi yana shan mai, ya kashe mace tana zaune a benci, ya harbi yaro ɗan shekara 13 a ƙofar makaranta, Allah Ya yi da sauran kwanansa. Mutum 10 suka mutu, 3 suka tsira da raunuka. Gidajen mai suka riƙa rataya tamfol don su kare masu zuba mai, makarantu suka hana yara fita filin wasa, manya suka riƙa tafiya a karkace a wurin ajiye motoci kada a saita su.

Tun a kwanakin farko wani ya ce ya ga farar mota ta ɗaukar kaya tana barin wurin da aka yi harbi. Shi ke nan. Farar mota ta zauna a kan kowa. Duk inda aka yi harbi sai a sami wanda zai ce shi ma ya ga farar mota, kuma gaskiya ya faɗa, domin a irin wannan gari babu titin da za ka tsaya ba ka ga farar motar masu gyaran famfo ko masu kai kaya ba. Aka riƙa tare hanyoyi ana sauko da masu neman abincinsu hannu a sama. Masu sharhi suka cika talabijin suna zana kamannin mutumin da ba su taɓa gani ba, mafi yawansu suna cewa farar fata ne, shi kaɗai yake aikinsa. Bayan an harbe wata mata a wurin ajiye motoci na wani babban kanti ranar 14 ga wata, wani mutum ya fito ya ce ya ga maharbin da idonsa, ya siffanta shi, ya siffanta motarsa. Daga baya aka gano ƙarya ya shirga, aka gurfanar da shi, aka ɗaure shi. Ranar 21 ga wata kuma jami'ai suka dirar wa wata farar mota kusa da birnin Richmond, suka kama mutum biyu, duniya ta ɗauka an gama. Baƙin haure ne kawai, ba su da hannu a komai, amma takardunsu ba su cika ba, aka miƙa su ga hukumar shige da fice.

Motar masu harbin kuwa shuɗiya ce, tsohuwar Chevrolet Caprice ƙirar 1990. Sun huda ƙaramin rami a bayanta kusa da lamba, mutum ya kwanta a ciki ya yi harbi ba tare da ya fito ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a cikin waɗannan makonni 'yan sanda sun ci karo da wannan mota ba sau ɗaya ba. A Baltimore har wani ɗan sanda ya tarar da mai ita yana barci a ciki, ya duba takardunsa, ya sallame shi. Me zai sa ya tsaya a kan shuɗiyar mota alhali duk duniya farar mota take nema? Zato ya rufe idon jama'a, ya rufe idon hukuma, mutane kuma suka ci gaba da mutuwa har ranar 22 ga wata da aka harbe wani direban bas. Maharbin ba mutum ɗaya ba ne, su biyu ne, John Allen Muhammad da wani yaro ɗan shekara 17, Lee Boyd Malvo, kuma dukkansu baƙaƙe. An kama su da tsakar daren 24 ga Oktoba suna barci a cikin motar a wani wurin hutawar matafiya a Maryland. Ta yaya? An sanar da lambar motar, wani direba ya ji a rediyo, ya ga motar da idonsa, ya karanta lambar, ya kira 'yan sanda. Bai tara jama'a ba, bai yi shela ba. Ya san abu, ya kai shi inda ya dace.

To wannan shi ne abin da Alƙur'ani ya koya mana tun ƙarni goma sha huɗu da suka wuce. A Suratun Nisa'i, aya ta 83, Allah Ya zargi wasu mutane da cewa idan wani labari na aminci ko na tsoro ya zo musu sai su watsa shi, alhali da sun mayar da shi ga Manzo da majiɓinta al'amari daga cikinsu, da masu iya tono gaskiyarsa sun gane shi. Ka lura, ɗan'uwa, ayar ba ta ce labarin ƙarya ne ba. Ko gaskiya ne, watsa shi a lokacin tsoro ba aikin kowa ba ne. Hoton da ka tura na inda 'yan sanda suka yi kwanton ɓauna, wanda ake nema shi ma yana da waya a hannu.

A Suratul Isra'i, aya ta 36, Allah Ya ce kada ka bi abin da ba ka da ilimi a kansa, domin ji da gani da zuciya duk za a yi tambaya a kansu. A Suratul Hujurat, aya ta 12, Ya ce mu nisanci da yawa daga zato, domin wani sashe na zato zunubi ne. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce, "Ina gargaɗinku da zato, domin zato shi ne mafi ƙaryar zance." Bukhari da Muslim suka ruwaito. Ya kuma ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Wannan hadisin na Muslim shi ne amsar mai cewa yadda ya gani haka ya tura. Ba kai ka ƙirƙira ba, gaskiya ne, amma kai ka ɗauke ta daga gida ɗaya ka kai ta gida ɗari.

Wani zai ce, "Malam, ai abin a Amurka ne, ni kuma ina nan a ɗakina, maganata za ta kai ina?" Tana kaiwa. A cikin dogon hadisin mafarki da Samura ɗan Jundub ya ruwaito, wanda ke cikin Bukhari, an nuna wa Annabi wani mutum ana tsaga gefen bakinsa da ƙugiyar ƙarfe har zuwa ƙeya, in an koma ɗaya gefen sai na farko ya haɗe, a sake. Aka ce masa wannan shi ne mutumin da zai fito daga gidansa da safe ya yi ƙarya ta kai sasannin duniya. Sahabbai sun ji wannan a zamanin da labari ke tafiya a bayan raƙumi. Mu kuwa muna kwance a kan katifa, da yatsa ɗaya, maganarmu ta isa Landan da Jidda kafin mu tashi alwala.

Kuma a can ƙarshen maganar akwai mutum mai uwa. A watan Afrilu na 2013, bayan an tayar da bama-bamai a wurin tseren gudu na birnin Boston a Amurka, an kuma bindige wani ɗan sanda a cikin kwanakin farautar, hukuma ta fitar da hotunan mutum biyu. Masu bincike na intanet suka ce ɗaya ya yi kama da wani ɗalibin jami'a da ya ɓace wata guda kafin nan. Iyalinsa suna ta cigiya, sun buɗe shafi suna roƙon duk wanda ya gan shi ya taimaka. A dare ɗaya shafin ya cika da zagi, 'yan jarida suka hana su sakat da kira, ana ce wa ɗansu ɗan ta'adda. Da gari ya waye sunayen na gaskiya suka fito, ba shi ba ne. Kwanaki kaɗan bayan haka aka tsinci gawarsa a ruwa, ashe ya rasu tun kafin a tayar da bam ɗin. An ba iyalin haƙuri. Amma ki sa kanki a matsayin uwar nan, 'yar'uwa: kina neman ɗanki wata guda, sai dubban mutanen da ba su taɓa jin sunansa ba su kwana suna tsine masa. Da yawa cikin waɗanda suka tura sunan nan sun manta. Littafinsu bai manta ba. Allah Ya faɗa game da masu yaɗa ƙazafin da aka yi wa Uwar Muminai A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, a Suratun Nur, aya ta 15: kuna karɓarsa da harsunanku, kuna faɗa da bakunanku abin da ba ku da ilimi a kansa, kuna ɗaukarsa abu mai sauƙi, alhali a wurin Allah babba ne.

Mu Musulmi ya kamata mu fi kowa gudun wannan ɗabi'a, don mun sha ɗanɗana ɗacinta. Daren 29 ga Janairu na 2017 wani ya shiga masallaci a birnin Quebec na Kanada bayan sallar isha'i ya kashe mutum 6. Wani matashi ɗan asalin Maroko yana waje yana share ƙanƙara daga matakalar masallacin lokacin da ya ji harbi. Ya kira neman agaji, ya shiga, ya durƙusa a kan wanda aka harba yana ƙoƙarin ceto shi. Da ya ɗago ya ga mutum da bindiga sai ya ɗauka maharbin ne ya dawo, ya ruga. Ashe ɗan sanda ne. Aka kama shi, ya kwana a tsare, kafin safiya labari ya game duniya cewa ɗan Maroko ne ya harbe masallata. Wata babbar tashar talabijin ta Amurka ta bar wannan labari a shafinta har sai da ofishin firaministan Kanada ya nemi ta cire. Mai harbin ɗan ƙasar ne, ba Musulmi ba. Ran kowane Musulmi ya ɓaci a lokacin, kuma da gaskiyarmu.

Sai dai a nan ne nake so mu duba kanmu da kyau. Duk lokacin da aka ce an yi harbi a Turai ko Amurka, addu'ar farko da ke fita daga bakinmu ita ce, "Allah Ya sa ba Musulmi ba ne." Wannan addu'a ba laifi, kishin addini ne da tausayin 'yan'uwanmu da ke zaune a can, waɗanda matansu ke tsoron fita da hijabi washegari. Laifin yana zuwa ne bayan haka. In jita-jita ta ce Kirista ne ko Bayahude, sai mu tura da sauri, har da murna, ba mu tambayi hujja ba. In kuma hukuma ta fito da suna irin namu, sai mu ce ƙarya ne, shiri ne, makirci ne, nan ma ba hujja. Mun zama abin da muke kuka da shi. Mai harbin Washington sunansa Muhammad, wannan gaskiya ce, kuma ba ta rage wa Annabinmu komai ba, ba ta kuma halatta wa kowa zagin Musulunci ba. Allah Ya ce a Suratul Ma'ida, aya ta 8, kada ƙiyayyar wasu mutane ta sa ku ƙi yin adalci. Malaman tafsiri sun ambata cewa ayoyin Suratun Nisa'i daga ta 105 sun sauka ne a kan wani daga cikin mutanen Madina da ya yi sata, danginsa suka nemi ɗora laifin a kan wanda bai ji ba bai gani ba, a wata ruwaya Bayahude ne. Allah da kanSa Ya wanke wanda aka zalunta daga saman bakwai, Ya ce a aya ta 112 duk wanda ya aikata laifi sannan ya jefa shi a kan mai kuɓuta, ya ɗauki ƙazafi da zunubi bayyananne. Ayar ba ta tambayi addinin mai kuɓutar ba.

Na san abin da wasu za su ce: "Su 'yan sandan ai su ma suna ƙarya, suna kuskure." Haka ne. A birnin Dallas na Amurka, ranar 7 ga Yuli na 2016, da aka harbe 'yan sanda 5 a wurin wata zanga-zanga, rundunar 'yan sandan birnin da kanta ta wallafa hoton wani mutum ta ce a taimaka a nemo shi. Mutumin ya kai kansa, aka yi masa tambayoyi, aka sake shi, ba shi da hannu, amma barazanar kisa ta riƙa bin sa. Ba na cewa duk abin da hukuma ta faɗa wahayi ne. Mai hujja ya fito da hujjarsa, lauya ya yi aikinsa, ɗan jarida mai amana ya bi diddigi, a tuhumi hukuma in ta yi zalunci. Amma in masu riƙe da kwanson harsashi da zanen yatsa da hotunan kyamarori sun iya kuskure haka, ina ga ni da kai da ba mu da komai sai hoto mai dishi-dishi da aka tura mana hannu na goma?

Ku dubi Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda. An soke shi yana limancin asuba a watan Zulhajji, shekara ta 23 bayan hijira. Makashin ya soki mutum 13, bakwai suka rasu, sannan ya kashe kansa. Umar yana kwance cikin jininsa bai ambaci sunan kowa ba, bai ce tabbas su wane ne ba. Ya ce wa Ibn Abbas, "Duba mini wane ne ya kashe ni." Ibn Abbas ya zagaya, ya dawo ya ce bawan sahabi Mugira ne. Da zance ya kai ga baƙin bayi da suka yi yawa a Madina, Ibn Abbas ya nuna in Umar ya so za a gama da su, sai Umar ya ƙi, ya ce bayan sun yi magana da harshenku, sun yi salla sun fuskanci alƙiblarku, sun yi hajji irin naku? Wannan yana cikin Bukhari. Mutumin da aka soka ke nan, yana kan gargara, yana hana a hukunta jama'a da laifin mutum ɗaya.

Malaman tarihi kuma sun kawo abin da ya biyo baya. Wani ya ba da labari cewa ya ga makashin yana ƙus-ƙus da wasu baƙi biyu mazauna Madina, Hurmuzan da Jufaina, kafin abin ya faru, har wuƙa mai baki biyu ta faɗi a tsakaninsu. Ubaidullahi ɗan Umar, cikin zafin rashin mahaifi, ya ɗauki takobi ya kashe su biyun, ya haɗa da ƙaramar 'yar makashin. Ba alƙali, ba shaidu. Wannan ita ce shari'ar farko da ta faɗo wa Sayyidina Usman da ya hau halifanci, kuma daga ƙarshe shi ya biya diyya daga dukiyarsa. Allah Ya gafarta musu baki ɗaya. In har "na gan su tare" ta iya jawo jini a Madina, a tsakiyar Sahabbai, to wa zai amince wa kansa a yau?

Mu ma ba baƙin wannan ba ne. A watan Maris na 2025, a garin Uromi na jihar Edo, 'yan banga sun tare motar wasu mafarauta da suka taso daga Fatakwal za su Kano yin Sallah. Aka ga bindigoginsu na farauta, wani ya ce masu garkuwa da mutane ne, jama'a suka taru, aka kashe mutum 16. Mun yi kuka, mun ce ina bincike, ina kotu. Wanda ya fara ɗaga murya a wurin nan zato ya yi, kuma ya tabbata a ransa taimakon al'umma yake yi. Allah Ya jiƙansu da rahama.

Saboda haka, ɗan'uwa, in aka sake cewa an yi harbi a wani birni ana neman wanda ya yi, ka fara da innalillahi, ka yi wa waɗanda suka jikkata addu'a, ka kira naka da ke can ka ji lafiyarsa. In kana garin kuma ka ga wani abu da idonka, ka kai wa hukuma, kada ka ƙara, kada ka rage, ka ce "ban tabbata ba" a inda ba ka tabbata ba. Ɓoye shaida ma zunubi ne, Suratul Baƙara aya ta 283 ta faɗa. In ba ka ga komai ba, to hadisin nan ya ishe ka: wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira ya faɗi alheri ko ya yi shiru. Kai kuma mai kula da zauren WhatsApp, amana ce a wuyanka. Hoton da aka zagaye da jan layi ka goge shi, ko wanda ya turo yayanka ne, ka bi shi ta gefe ka yi masa bayani cikin ladabi. Ko bayan an yi kamu, "wanda ake tuhuma" za ka ce, har sai alƙali ya yanke.

Wanda kuma ya riga ya tura sunan wani ko hotonsa, daga baya ta bayyana ba shi ba ne, gogewa a ɓoye ba ta wadatar ba. Haƙƙin bawa ne. Ka koma duk zauren da ka tura, ka rubuta a fili cewa abin da ka turo ƙarya ne, mutumin nan ba shi da laifi, ka roƙi waɗanda suka ɗauka daga wurinka su ma su gyara. In akwai hanyar da za ka kai gare shi ka nemi afuwarsa. In babu, ka yi istigfari, ka riƙa yi masa addu'ar alheri, ka kare mutuncinsa duk inda ka ji an sake tayar da zancen.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.